Gaisuwar da Kawu Ya Bari

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, waɗanda suka fi kowa kuka a ƙofar gidanmu na Ikara su ne mutanen da ya taɓa kayarwa a kotu. Wani dattijo daga Gubuchi, wanda Kawu ya raba da rabin gonar rakensa shekarun baya, ya zauna a gindin bangon zaure ya rufe fuska da hannun riga yana ta sheshsheƙa, har sai da liman ya ce masa ya yi haƙuri, addu'a mamaci yake buƙata. Baƙin da suka zo daga Kaduna suka riƙa kallon juna. Mu 'yan gida ba mu yi mamaki ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina firamare, shi ya tura ni karatun lauya, kuma a ofishinsa nake aiki tun da na gama bautar ƙasa. Kwanakin zaman makoki ina cikin gida kusa da matarsa, wadda duk muke ce wa Inna, mata suna ta shigowa gaisuwa. Kowacce in ta gama "Allah Ya ji ƙan Lauya," sai ta ƙara da cewa, "Ofis kuma shi ke nan ya rufe." A gabana suke faɗa, sai ka ce ni tukunya ce aka ajiye a wurin. Wata tsohuwa ta matso ta dafa gwiwata.

"'Yar nan, takardun gonarmu da ke wajensa, a hannun wa za mu karɓa?"

"Suna hannuna, Iya. Ni zan ci gaba da aikin."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "To, Allah Ya taya ki," da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Da rana aka kira ni zaure, wai lauyoyi sun zo daga Zariya. Suka yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, wasunsu har da hawaye, don Kawu ya girme su duka a aikin. Amma da suka miƙe, na ga wani matashi a cikinsu mai ƙyallin takalmi ya tsaya wajen manoman da ke zaune a tabarma. Yana gaisawa da su, yana saka wa kowa ɗan katinsa a tafin hannu. Ƙasar kabarin Kawu ko bushewa ba ta yi ba. Raina ya ɓaci, amma tsoron da ya kama ni ya fi ɓacin ran yawa, domin na ga manoman suna cusa katin a aljihu. Mutuwar wani tashin wani.

Gaskiyar magana, ofishinmu ba shi da komai sai fuskar Kawu. Ba allo a ƙofa, ba talla a rediyo, ba kati. Yanzu fuskar ta tafi, ta bar ni da akawu da durowa cike da fayil ɗin mutane. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda mutumin nan ya riƙe aikinsa, kafin masu ƙyallin takalmi su sa a manta.

Ofishin yana kusa da tasha, a saman shagon wani mai sayar da taki. Ɗaki biyu ne da matakalar katako mai ƙara. Baƙo in ya tambayi 'yan acaɓa, sukan ce masa, "Hau saman mai taki." Har wasu suka laƙaba masa Lauyan Taki, bai kuma taɓa jin haushi ba. Cewa yake yi duk abin da ke sa gona ta yi albarka ba abin kunya ba ne.

A ɗakinsa akwai tebur da kujera mai juyawa, amma kujerar hutawa take yi. Da ya ji takun mutum a matakala sai ya cire kwat, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna a ƙasa. "Manomi in kika ɗora shi a kujera gaban tebur, rabin maganarsa zai haɗiye," in ji shi. Ba ya kuma katse mai magana. Mutum zai zo a kan iyakar gona, ya fara da labarin yadda kakansa ya taso daga wani gari da jaki ɗaya. Ni ina gefe da biro ina cizon leɓe, Kawu ya harare ni ta saman tabarau: "Bar shi ya taho da kakansa, zai iso gonar."

Akawunmu Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya riga ni shiga ofishin nesa ba kusa ba. Dokar Kawu ita ce ranar Juma'a da rana a rufe ofis saboda shi Kawu ya je masallaci, ranar Lahadi kuma ko kotu ce ta kama da wuta kada wanda ya kira akawu a waya. Kullum suna cikin musu a kan wanda ya fi iya haɗa shayi, kuma gaskiya dukkansu ba su iya ba.

Abin da ya fi ci mini rai a farkon zuwana shi ne korar aiki. Mutum zai hau matakala da zafinsa yana so a maka ƙanensa a kotu, Kawu ya saurare shi tsaf, ya ce, "Wannan ba ta kotu ba ce, ta zaure ce. Ku je wajen mai unguwa. In ta gagara ka dawo." In mutumin ya sauka sai in ce, "Kawu, da hannunmu muke korar ciniki." Ya ce, "Wanda kika kora da gaskiya, ƙauyensu zai turo miki."

Faɗanmu mafi girma a kan allo muka yi shi. Na je wani taron lauyoyi a Kaduna, na dawo kaina cike da dabaru: a buɗe shafin fesbuk, a buga kati, a nemi fili a rediyo ana wayar da kan jama'a a kan gado da filaye. Ban yi shawara da kowa ba na je Zariya aka rubuta mini allo, fari mai shuɗin rubutu, sunan Kawu a sama, nawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Na jingine shi a gabansa ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɓata?"

"Ba wanda ya ɓata, Kawu."

"To allo ai don wanda ya ɓata ake yin sa."

Na ce masa zamani ya juya, yara yanzu a waya suke neman komai, lauyoyin Zariya suna shigo mana har Makarfi, kuma dokar aikinmu ba ta hana ɗan allo na mutunci ba. Na yi ta zuba yana sauraro kamar yadda yake sauraron masu kaka da jaki. Da na ga ko gezau bai yi ba, sai baki ya suɓuce mini: "Ranar da ba ka nan fa, Kawu? Wa zai san hanyar nan?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Ranar da ba na nan ke kina nan. Ki dai sayi takalmi mai ƙwari."

Na yi fushi, na daina cin abinci tare da shi a ofis har sai da Inna ta sa baki. Allon ya ƙare a bayan durowa, fuskarsa na kallon bango. Har yau ban yarda ni ce ba ni da gaskiya ba, shi ma har ya koma ga Allah bai sauko ba. Jini ɗaya ne.

Maganar takalmi kuwa ba wasa yake yi ba, domin da ƙafa Kawu yake tallarsa. Yana da wata al'ada da ban taɓa jin wani lauya yana yi ba, wadda ya kira gaisuwa biyu. Duk shari'ar da ya karɓa, kafin ya shigar da ƙara sai ya je har gida ya gaida wanda za a yi ƙarar. Ba ya taɓa zancen shari'ar. Zai yi sallama, ya ajiye goro, a gaisa, ya ce, "Ni ne lauyan wane. Nan gaba zan tsaya gaban alƙali in faɗi abin da ba za ka so ba. Na zo ka ga fuskata tun yau, kada ka fara ganinta a kotu." Wannan ita ce ta farko, kuma mai sauƙin ke nan. Ta biyu sai bayan an yanke hukunci. In an kayar da shi, ya je ya yi wa wancan barka. In shi ya ci, ya je ya yi jaje.

Dattijon Gubuchi da ya yi ta kuka a zaure, ta haka suka saba. Da Kawu ya je masa gaisuwa ta biyu, da fartanya ya fito. Ya zage shi tas, yara sun kewaye su suna kallo. Kawu ya cire takalmi ya tsaya har mutumin ya gaji, sannan ya ce, "Jaje na zo yi maka. Rashin gona rashi ne, ko da kotu ce ta ce ba taka ba ce." Mutumin ya juya ya shige gida. Da damina ta zagayo sai ga shi a matakalarmu yana haki. "Na ga yadda ka kayar da ni," ya ce. "Akwai wanda nake so ka kayar mini haka." Daga ranar duk wanda rigima ta samu a unguwarsu, shi ke kamo hannunsa ya kawo shi saman mai taki.

Nakan raka Kawu irin wannan tafiya, amma ni ko dai in zauna a mota, ko in shige cikin gida wajen mata. Ban taɓa tsayawa a ƙofar zaure da kaina ba. Nakan ce masa, "Kawu, wata rana sai an fasa maka kai." Ya ce, "Madalla, kin ga mun samu sabuwar shari'a."

Shari'arsa ta ƙarshe a kan wata fadama ce a Likoro, tsakanin mutum biyu 'ya'yan wa da ƙane. Mu muka tsaya wa ƙaramin. Babban wani dogon tsoho ne da duk yankin aka sani da zafin rai, irin wanda in ya yi gyaran murya majalisa ke watsewa. Kawu ya yi masa gaisuwar farko lokacin da tari ya fara kama shi. Kafin a kai ƙarshen shari'a an kwantar da shi a asibiti a Zariya, sai ni na tsaya a kotu. Na yi wa tsohon tambayoyi har ya saɓa wa maganarsa da bakinsa, mutanen garinsu da suka cika benci suka yi dariya. Alƙali ya ba mu fadama. A bakin ƙofar kotu tsohon ya tsaya ya dube ni, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Yau sa'ar jikata ta kunyata ni a bainar jama'a."

Na garzaya asibiti da murnata. Kawu ya saurare ni idonsa a rufe, sannan ya ce, "Kin je?"

"Ina, Kawu?"

"Likoro."

"Sai ka warke mu je tare."

"Kada a bari gaisuwar ta huce," ya ce. Bai ƙara yi mini maganar aiki ba. Kafin mako ya zagayo Allah Ya karɓi abinsa.

A zaman makoki mutanen Likoro sun zo mota guda, amma ban da tsohon. Kowa ya lura. Bayan sadakar bakwai muka buɗe ofis, muka zauna ni da akawu muna sauraron matakala. Waɗanda suka hau a kwanakin farko, takardunsu suka zo karɓa. Kowanne ya yi ta ba ni haƙuri yana kawar da kai, ni kuma in miƙa masa fayil ɗinsa ina murmushin yaƙe. Wata safiya akawu ya ajiye mini shayinsa marar daɗi, ya ce, "Barista, a tasha fa magana ɗaya ake yi. Jira ake a ga ko za ki je Likoro." Ya ƙara da cewa an ga motar mai ƙyallin takalmi a ƙofar gidan tsohon.

In ban je ba, za a ce da Lauya aka binne aikin Lauya, sauran masu fayil su biyo sahun na farko. In na je ya kore ni a gaban jama'a, kafin in dawo Ikara labari ya riga ni isa kasuwar Makarfi. Kawu namiji ne mai furfura, ko zaginsa aka yi ado ne a wajensa. Ni mace ce, kuma ni ce na sa aka yi wa mutumin dariya. Wanda muka tsaya wa ma da ya ji, kira na ya yi a waya yana roƙona kada in je, wai yayansa ya rantse duk wanda ya zo daga ofishinmu sai ya gane kurensa.

Na kai wa Inna maganar. Tana cikin takaba, ta rame, ba ta son dogon zance. Ta ce, "Ba zan ce ki je ba, ba zan ce kada ki je ba." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin goro ta ajiye a cinyata. "Shi dai bai taɓa zuwa hannu rabbana ba."

Da hantsi muka kama hanya a tsohuwar motar Kawu, akawu na tuƙi. Kaka ta yi, dawa ta sunkuya a gefen titi, motocin rake suna ta wuce mu ta wajen Makarfi. Akawu yana ta rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, ni ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina. Ba wanda ya ce wa wani ya yi shiru. Da muka isa ya buɗe ƙofa zai fito, na ce ya zauna. Kawu shi kaɗai yake tsayawa.

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan akwai dattawa suna hira. Da suka gane ni, hirar ta mutu. Na gaishe su, suka amsa a ciki. Na cire takalmi a bakin zaure na yi sallama, muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Na sake yi. Sai ga tsohon ya fito riƙe da igiyar ɗaure dabba, ya tsaya a kaina. Na durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya."

"An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya aikin kaka?"

"Lafiya. Me ya kawo ki?"

"Gaisuwa, Baba." Na ajiye goron a gabansa.

"Ai ke aka yi wa rasuwa."

"Kai ma ka yi rashi, Baba. Fadama ce."

Rana tana dukan bayana, gwiwoyina sun fara ciwo a kan tsakuwa, ina jin idanun dattawan nan a ƙeyata. Na fara tunanin yadda zan miƙe in koma mota ba tare da na yi gudu ba.

"Shi ya aiko ki?"

"Ya tambaye ni ko na zo. Ita ce maganar aiki ta ƙarshe da ya yi mini."

Tsohon ya juya wajen dattawa. "Kun ji ko? Kun dame ni in je Ikara, in je Ikara." Sannan ya dawo kaina, muryarsa ta sauka. "Ranar da ya zo nan, a wurin nan da kike ya tsaya yana tari. Ya ce mini ko ya ci ko ya faɗi zai dawo. Ban taɓa jin an ce ya saɓa ba. Da aka ce ya rasu, na ce ba inda za ni, zan zauna in ga ko mutuwa za ta sa shi ya yi ƙarya." Ya goge ido da bayan hannun da ke riƙe da igiya. "Ashe ba ta sa shi ba."

Ya daka tsawa a kawo tabarma. Da na zauna ya nuna ni da yatsa. "Kada ki yi zaton na haƙura. Na ɗaukaka ƙara, na ɗauki lauya daga Zariya."

"Haƙƙinka ne, Baba. Tunda kana da lauya, ba ni da ikon yin zancen shari'ar da kai."

"Haka shi ma yake cewa. Ke dai kin fi shi rashin kunya a gaban alƙali."

Ya ɗaga hannu, dattawan suka taso suka kewaye mu, aka yi wa Kawu addu'a doguwa a ƙofar gidan mutumin da ya kayar. Aka raba goron Inna.

Na miƙe zan tafi ya ce, "Tsaya. Ƙanwata tana da rigimar gado da dangin mijinta a Kudan, zan turo miki ita. Amma don Allah ku sa allo a ofishin nan naku. Ranar da aka kawo mini sammaci na tafi Ikara takanas in zage shi, na yi ta yawo a tasha har rana ta take ban gane wurin ba. Girman kai ya hana ni tambaya, na dawo gida da zagina."

Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun rasuwar. A mota kuwa ta koma kuka, ina cewa, "Kawu, ka ji ko? Ashe akwai wanda ya ɓata." Akawu ya rage gudu.

Mun ciro allon daga bayan durowa, mun kakkaɓe shi, mai taki ya ara mana tsani muka kafa shi a ƙofa. Wasu sun ce a goge sunan mamaci, na ce ba mai taɓa shi. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Waɗanda suka karɓi takardunsu ba su dawo ba, ɗaukaka ƙarar tana nan tafe, kuma kullum da safe sai gabana ya faɗi kafin in ji takun farko a matakala.

Ranar kasuwa ina tsaye a taga na ga wata dattijuwa ta sauka daga acaɓa. Ta bi ta ƙarƙashin allon nan da na yi faɗa a kansa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta tsaya gaban mai taki ta ce, "Malam, nan ne wajen masu zuwa gaisuwa?" Ya nuna mata sama. Na ji matakala ta fara ƙara. Na ture kujera gefe, na shimfiɗa tabarma.

Allah Ya ji ƙanka, Kawu. Ba ka taɓa barin wanda ya faɗi ba tare da ka je ƙofarsa ba. Allah Ya sa kai ma a tarye ka da sallama.